Likita Na Nema, Bayokemistiri Aka Ba Ni: In Karɓa ko In Bari?

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 19. Sau biyu ina rubuta jarrabawar JAMB ina neman karatun likita. Bana na sami maki 246, amma jami'ar da na nema ta ba ni gurbi a Bayokemistiri. Mahaifina ya ce in karɓa, domin ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma a ganinsa idan na yi ƙoƙari a shekarar farko za a mayar da ni sashen likitanci, idan ma hakan bai yiwu ba sai in ƙara digiri na biyu in sami aiki a asibiti. Gaskiyar magana, ni lissafi nake so, a shi na fi kowa a ajinmu, likitancin ma don in faranta masa na nema. Yayana ya karanta Maikurobayoloji, shekara uku ke nan da gama bautar ƙasa, yanzu POS yake yi a bakin kasuwa. Ina tsoron in bi sahunsa, ina kuma tsoron saɓa wa mahaifina. Burina in yi karatu mai zurfi, har ƙasar waje idan Allah Ya yarda. Me ya kamata in yi?

Wa'alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a karo na biyun ne na lura cewa maganar da ta fi kowace nauyi ka ɓoye ta a tsakiya, kamar wanda yake jin kunyarta: lissafi kake so, a shi ka fi ƙarfi. Zan dawo gare ta. Amma bari in fara da maganar mahaifinka, domin niyyarsa kyakkyawa ce, kuma karin maganar da ya kawo ba ta faɗi ƙasa ba. Wanda ya zauna a gida shekara biyu yana jiran gurbi bai kamata ya raina wanda ya samu ba. Sai dai ya ɗora shawararsa a kan zato guda biyu game da yadda jami'o'inmu suke aiki, kuma dukansu biyun suna da rauni.

Zato na farko shi ne cewa za a ɗauke ka daga Bayokemistiri a mayar da kai likitanci bayan shekara ɗaya. Wannan magana ta daɗe tana yawo a gidajenmu, kuma ta ci shekarun yara da yawa. Kowace makarantar koyon likitanci a Nijeriya tana da adadin ɗaliban da Hukumar Kula da Likitoci ta Ƙasa, wato MDCN, ta ƙayyade mata, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta da kayan aikinta, kuma makarantar da ta ƙetare wannan adadi tana jefa izininta cikin haɗari. Saboda haka abin da aka saba gani a ƙarshen shekarar farko shi ne a rage ɗaliban likitanci da suka kasa kai makin da ake so a tura su wasu sassan, su ne ma suke zuwa su cika ajin Bayokemistiri da Fiziyoloji. Masu tafiya ta ɗaya ɓangaren ƙalilan ne, jami'o'i da dama kuma sun rufe ƙofar gaba ɗaya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Na taɓa sanin wani ɗalibi da ya shiga wannan sashe da irin wannan fata. A bencin baya yake zama, littafin tsofaffin tambayoyin JAMB a kan cinyarsa, malami yana zana tsarin sinadarai a allo shi kuwa yana shirin jarrabawar baɗi. Ya sake rubutawa a shekararsa ta farko da ta biyu, bai samu ba, kuma lokacin da ya haƙura ya juyo ya fuskanci karatun da ke gabansa, sakamakon shekaru biyun nan ya riga ya ja makinsa ƙasa yadda ba ya ɗaguwa. Da daraja ta uku ya fita. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, abin da ya kayar da shi kawai shi ne ya mayar da sashen ɗakin jira. Akwai wata hanya ta gaskiya, wadda mai digiri mai kyau a fannin kimiyyar lafiya yake neman shiga aji biyu na likitanci kai tsaye, amma guraben ta wannan hanya ma ƙalilan ne, kuma ka lissafa da kanka: shekara huɗu na digirin farko, biyar na likitanci, ɗaya ta horon asibiti. Mai son likitanci har zuci yana iya ɗaukar wannan nauyi. Kai kuwa ka faɗa da bakinka cewa don faranta wa mahaifinka ka nema.

Zato na biyu ya fi na farko haɗari, domin shi ba a gane kuskurensa sai bayan an kashe shekara shida ko bakwai. Aikin asibiti da lasisi ake yin sa. Kwasa-kwasan jami'a, idan mutum ya dube su ta fuskar aiki, kashi biyu ne. Akwai waɗanda a ƙarshensu wata hukuma take yi maka rajista ta ba ka izinin yin sana'ar da doka ta hana wanda ba shi da izinin: likitanci da aikin haƙori, harhaɗa magunguna, aikin jinya, gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton cikin jiki, gashin ƙashi, likitan dabbobi, haka kuma lauya bayan shekarar Makarantar Horon Lauyoyi, da injiniya da ke rajista da hukumar injiniyoyi, COREN. Akwai kuma waɗanda ilimi kawai suke ba ka, sai ka nemi inda za ka sayar da shi. Bayokemistiri da Maikurobayoloji suna cikin kashi na biyu. Hukumar da ke kula da masu gwajin jini da fitsari a asibitoci, MLSCN, wanda ya yi digirin gwaje-gwajen asibiti na shekara biyar take ba lasisi, kuma digiri na biyu a Bayokemistiri, komai kyansa, ba ya maye gurbin wancan. Da yawa daga cikin masu irin takardar yayanka a bakin ƙofar ɗakin gwaji suka fara jin wannan bayani, bayan sun gama bautar ƙasa.

Kada ka ɗauka ina raina Bayokemistiri. Fanni ne mai daraja, shi ne tushen binciken magunguna da rigakafi da abinci mai gina jiki, kuma masu shi suna aiki a NAFDAC da kamfanonin abinci da abin sha da na magunguna da cibiyoyin bincike da jami'o'i. Matsalar ita ce kusan kowace jami'a tana yaye su da yawa duk shekara, kujerun kuma ba su kai yawan masu nema ba, don haka wanda ya fita da sakamako na tsaka-tsaki yakan ɓace a cikin taro. Game da yayanka, ka riƙe mutuncinsa: mutumin da ya ajiye takardarsa a cikin fayil ya kafa lema a bakin kasuwa yana cin halalinsa ya fi ƙarfin a yi misalin faɗuwa da shi. Ka zauna da shi wata rana bayan la'asar ka tambaye shi wuraren da ya nema da amsar da aka ba shi a kowane wuri. Abin da zai gaya maka ya fi rabin abin da zan rubuta a nan amfani.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe, tunda ka ce burinka karatu mai zurfi. A kwasa-kwasan da ba su da lasisi, darajar digirin ce take buɗe ƙofa fiye da sunan kwas ɗin. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'inmu suke bi, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu ta sama, wadda ɗalibai suke kira tu-wan, daga 3.50 zuwa 4.49, ta biyu ta ƙasa daga 2.40 zuwa 3.49, ƙasa da haka kuma daraja ta uku. Jami'o'inmu sukan ɗauki mai daraja ta biyu ta ƙasa a digiri na biyu, mai ta uku kuwa sai ya fara bi ta difiloma ta gaba da digiri, ya ƙara shekara da kuɗi. Idan kuma maganar tallafin karatu a waje ake yi, ma'aunin yana hawa. Tallafin Commonwealth na Birtaniya tu-wan yake nema. Asusun PTDF, wanda yake ɗaukar nauyin karatu a fannonin man fetur da iskar gas da makamashi, shi ma masu sakamako mai kyau yake tacewa. Lokacin da Gwamnatin Kano ta farfaɗo da tura ɗalibai digiri na biyu a ƙasashen waje a 2023, masu daraja ta ɗaya ta kira. Jami'ar da take son riƙe ɗalibinta ya zama ƙaramin malami ita ma saman jerin sakamako take dubawa. Kuma wannan maki tarawa ake yi tun daga zangon farko na shekarar farko, shi ya sa wanda ya yi sakaci a aji ɗaya yakan ƙare aji huɗu yana biyan bashin.

Idan haka ne, tambayar da ta kamace ka ita ce: a wane fanni ne za ka iya zama shekara huɗu kana karatu cikin zafin Afrilu, babu wuta, ga yunwar makaranta, kuma ka fita da 3.50 ko sama? Iyaye da yawa suna ɗaukar sha'awar yaro a matsayin shagwaɓa, alhali a wannan lissafi ita ce jari, domin ita take zaunar da ɗalibi a kan littafi ƙarfe ɗaya na dare ba tare da kowa ya tsaya a kansa ba. Bayokemistiri karatu ne mai yawan hadda, sunayen sinadarai da jerin matakan da jiki yake bi wajen sarrafa abinci, shafi bayan shafi. Mai ƙwaƙwalwar lissafi da ba ya son hadda yakan sha wuya a cikinsa.

Masu son lissafi a yau kusan dukansu Kimiyyar Kwamfuta suke rububi, ni kuwa ina so ka dubi Ƙididdiga da idon basira kafin ka bi ayari. Cunkoson masu nemanta bai kai na Kwamfuta ba, kuma ƙofofinta na gaba suna da yawa: daga ita ana zuwa digiri na biyu a ƙididdigar lafiya, da nazarin yaɗuwar cututtuka, da kimiyyar bayanai, da lissafin tattalin arziki, da lissafin inshora. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Hukumar Ƙidayar Jama'a da Babban Bankin Nijeriya da hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka, NCDC, da bankuna da kamfanonin sadarwa duk suna buƙatar wanda ya iya karanta alƙaluma, haka ma ƙungiyoyin agaji da suke aikin lafiya da ilimi a Arewa, domin babu shirin da masu ba da kuɗi suke yarda da shi sai da mai bin diddigi da auna sakamako. Ka lura da na farkon nan guda biyu da na ambata, ƙididdigar lafiya da nazarin yaɗuwar cututtuka. Wanda yake lissafa inda kwalara za ta ɓulla bayan ambaliya, ko yawan yaran da rigakafin ƙyanda bai kai gare su ba a wata ƙaramar hukuma, ma'aikacin lafiya ne ko da bai taɓa rataya abin sauraren ƙirji a wuyansa ba. Wannan gada ce tsakanin burinka da na mahaifinka, ka riƙe ta don ranar da za ku zauna.

Ba alƙawarin aiki nake yi maka ba. Ƙididdiga ita ma ba ta da lasisi irin na aikin asibiti, kuma akwai masu digirinta a zaune. Bambancin yana ga abin da ɗalibi ya ɗora a kan darasin aji: manhajar Excel tun a shekarar farko, sannan R ko Python, harsunan kwamfuta da ake sarrafa bayanai da su, sannan ya nemi wurin horon sanin makamar aiki inda ake taɓa bayanai na gaske, maimakon ofishin da za a sa masa hannu a littafi ya koma gida. Wannan yana nufin kwamfuta ta hannu, ko da tsohuwa ce, tana cikin kuɗin makarantarka kamar yadda kuɗin rajista yake ciki. Sannan ka gwada kanka kafin ka ɗaure magana, domin lissafin sakandare da na jami'a 'yan uwa ne amma halinsu daban. Na sakandare amsa yake nema, na jami'a hujja yake nema. Ka ari littafin ɗan aji ɗaya na sashen Lissafi ko Ƙididdiga, ka zauna da shi mako biyu. Idan ka ga kana manta lokacin abinci, to ka sami amsarka. Idan kuma ka ji ƙirjinka yana nauyi, gara ka sani yanzu.

Akwai wani cikas da ba ka ambata ba, ina jin ba ka lura da shi ba. Mai neman likitanci Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks yake rubutawa a JAMB, babu Lissafi a ciki, alhali Ƙididdiga da Lissafi da Kimiyyar Kwamfuta duk sai da shi. Saboda haka makinka na 246 ba zai kai ka can ta hanyar sauya kwas a shafin JAMB ba. Abin da wannan maki yake iya nema bana shi ne 'yan uwan likitanci masu lasisi, irin su gwaje-gwajen asibiti da ɗaukar hoto da jinya, watakila a jami'ar jiha ko sabuwar jami'ar tarayya inda gasar ba ta kai ta tsofaffin ba, idan lokacin sauyin bai wuce ba. Da a ce zuciyarka tana asibiti, da nan zan tura ka kai tsaye, bayan ka tabbatar hukumar kula da jami'o'i, NUC, da hukumar sana'ar sun amince da kwas ɗin a wannan jami'a.

Tunda lissafi ne, hanyoyin da na sani uku ne, kuma ba su yi daidai da juna ba. Ta farko ita ce ka karɓi gurbin, ka yi shekarar farko da gaske, sannan ka nemi sauya sashe zuwa Ƙididdiga ko Lissafi. Wannan sauyi ya fi na likitanci sauƙi nesa ba kusa ba, domin babu hukumar sana'a da ta ƙayyade adadi kuma sassan sukan yi maraba da ɗalibi mai ƙarfi. Amma dokar kowace jami'a daban: a wasu Bayokemistiri yana tsangayar kimiyyar halittu, a wasu yana ƙarƙashin kwalejin lafiya, darussan lissafin da za a koya maka a aji ɗaya ba lallai su wadatar ba, wata jami'ar kuma tana iya cewa ka maimaita shekara. Ta biyu ita ce IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da shi, wanda ake yi cikin kusan shekara ɗaya da darussa uku, wanda ya ci kuma ya nemi aji biyu kai tsaye. Ka ga ke nan idan ka yi shi da Lissafi a ciki ka kuma sami maki mai kyau, za ka isa aji biyu lokaci ɗaya da waɗanda suka shiga aji ɗaya bana. Sharaɗin shi ne ka yi shi a makarantar da aka amince da ita, domin cibiyoyin bogi sun yi yawa, kuma ka san cewa gurbi ba tabbas ba ne. Ta uku ita ce zaman gida a jira JAMB ta baɗi, kuma ita ce ba na so maka.

Dalilina shi ne shekaru. Kana da 19. Idan komai ya tafi daidai za ka gama kana da 23, bautar ƙasa ta kai ka 24, amma a jami'ar gwamnati komai bai cika tafiya daidai ba. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Bankuna da manyan kamfanoni da yawa suna sa iyakar shekaru a tallan ɗaukar sababbin ma'aikata, galibi ashirin da shida ko da bakwai. Kana da sarari, amma ba mai yawan da za ka ƙara zubar da shekara ta uku a zaure ba. Da ni ne, zan bi hanya ta farko matuƙar jami'ar ta tabbatar mini da ƙa'idar sauyin, in kuma sayi fom ɗin JAMB na baɗi da Lissafi a ciki don kada in rasa madafa. Idan ta ce babu sauyi, sai in koma IJMB. Maganar kuɗi kuwa, akwai lamunin NELFUND da aka buɗe a 2024 ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, babu ruwa a kansa, kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya. Bashi ne dai, ku yi shawara a gida kafin ka cike.

Kalma ɗaya kuma a kan digiri na biyun kansa, tunda kai da mahaifinka duk kun jingina da shi. Matasa da yawa suna komawa mastas ne saboda zaman gida ya ishe su, su ƙara shekara biyu ko uku da kuɗin iyaye, su fito su tarar da layin da suka bari, har wani mai ɗaukar aiki ya ce takardarsu ta fi ƙarfin kujerar. Yana amfani ne idan mutum ya san ƙofar da yake so ya buɗe da shi, kuma sau da yawa sai an taɓa aiki ake gane ƙofar. Tallafin Chevening na Birtaniya ma ba ya karɓar wanda bai yi aikin shekara biyu ba. Idan koyarwa a jami'a ko bincike kake so, to ka zarce, kuma ka fara kusantar malaman sashenka tun daga aji biyu, domin su ne za su rubuta maka takardar shaida, kuma malami ba ya iya yabon ɗalibin da bai san fuskarsa ba.

Saura mahaifinka. Kada ka je masa da cewa ba ka son likitanci, domin abin da zai ji shi ne shekara biyu da kuɗin fom da na darasi sun tafi a banza. Abin da yake nema maka shi ne sana'a mai mutunci da abin dogaro, likitanci kuwa shi ne sunan da ya sani. Ka nemi lokacin da hankalinsa yake kwance, ka zauna a ƙasa kamar yadda ka saba, ka ce, "Abba, na bincika maganar komawa likitanci da ta aikin asibiti, ga abin da na samo," ka kuma bar yayanka ya ba da shaida a kan lasisi. Idan kana da kawu ko tsohon malaminka na lissafi da yake jin maganarsa, ka fara bi ta wurinsa. Ka nuna masa cewa gurbin da yake tsoron ka rasa ba za ka yar da shi ba sai ka riƙe wani, ka roƙi albarkarsa, ka yi istihara.

Kafin wannan zama, ka je jami'ar da ƙafarka a makon nan, tun ba a biya kuɗin rajista ba, kuma kada ka tsaya a kan abin da ɗalibai suke faɗa a bakin ƙofa. Ka shiga ofishin harkokin karatu, ka kuma nemi ganin jami'in jarrabawa na sashen Ƙididdiga. Ka tambaye su ko ana karɓar ɗalibi daga Bayokemistiri bayan aji ɗaya, da makin da ake buƙata, da darussan lissafin da dole ka ɗauka a zangon farko, da kuma ko za a sa ka maimaita shekara. Ka nemi su nuna maka shafin da aka rubuta ƙa'idar a littafin jagoran ɗalibai, ka ɗauki hotonsa a wayarka. Idan ka samo amsar, ka sake rubuto mini tare da sakamakonka na WAEC ko NECO, musamman abin da ka samu a Lissafi da Fiziks.